Karatun gudanar da kasuwanci a jami'a: amsa ga ɗan mai shago a Kantin Kwari

"Assalamu alaikum Malam. Bana na gama sakandare, ina shirin cike fom ɗin JAMB. Tun ina ƙarami nake zama a shagon mahaifina na atamfa da shadda a Kantin Kwari. Raina yana son in karanci gudanar da kasuwanci, wanda ake ce wa Biznes Admin, amma Baba ya ce kasuwa ba a koyonta a aji, shi da bai yi boko ba ga shi yana riƙe da shago da yara. Kawuna kuma ya ce kwas ne na waɗanda suka rasa gurbi, gara in karanci akanta. Don Allah me ake koyarwa a ciki, kuma zai amfane ni ko ɓata shekara huɗu ne?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi wa karatunka albarka, ya ƙara wa Alhaji lafiya da buɗi. In na fahimce ka, magana biyu ce ta sa ka a tsakiya. Mahaifinka yana ganin abin da za ka je nema a jami'a yana nan cikin shago, kawunka kuma yana ganin in ma za a je, to a ɗauko takardar da ta fi wannan nauyi. Wannan fanni nake koyarwa, kuma ina zama da masu shaguna da masu ƙananan masana'antu muna duba lissafinsu tare, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani a aji da kasuwa, ba tare da na yi wa kwas ɗin kwalliya ba.

Mu fara da Alhaji, domin maganarsa gaskiya ce. Babu farfesan da zai koya maka gane shadda mai kyau da taɓawar hannu, ko ka dubi mai saye ka san tayin gaske yake yi ko zolaya, ko ka san wanda za a ba dila goma bashi a kwana da ido biyu rufe. Fataken Hausawa sun yi ƙarnuka suna kai kanwa da tufafi Gwanja suna ɗauko goro, da madugansu da fatomansu da dillalansu, kowa ya san aikinsa da la'adarsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga fataucin goro ya shiga gyaɗa ya zama attajirin da ake buga misali da shi a Afirka ta Yamma, bai zauna a ajin jami'a ba. Makarantar kasuwanci ta farko da aka buɗe a cikin jami'a a Amurka, wato Wharton, a 1881 aka kafa ta, alhali Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Duk wanda ya ce maka digiri ne ke mai da mutum ɗan kasuwa, bai san kasuwa ba.

Sai dai abin da ake koyarwa a kwas ɗin ba saye da sayarwa ba ne. Wannan ilimi ya taso ne lokacin da kamfanonin jirgin ƙasa da masana'antun ƙarfe da na haƙar ma'adinai a Turai da Amurka suka yi girman da mutum ɗaya ba zai iya riƙe su a ka ba. Frederick Taylor, injiniya a masana'antar ƙarfe a Amurka, ya fitar da nazarinsa kan tsara aikin lebura a 1911. Henri Fayol, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin ma'adinai a Faransa, ya fitar da nasa a 1916 kan aikin shugaba: tsara abin da za a yi, raba aiki, ba da umarni, haɗa kan sassa, da bin diddigi. Duka biyun za ka haɗu da su a aji. Tambayar da ta dame su ita ce tambayar da kwas ɗin gaba ɗaya yake ƙoƙarin amsawa har yau: yaya harka za ta tafi daidai alhali mai ita ba ya tsaye a kanta? Alhaji yana riƙe da shagonsa da idonsa da ƙwaƙwalwarsa da mutuncinsa a kasuwa. Ranar da shagon ya zama biyar, ɗaya a Kano, ɗaya a Maraɗi, wani a Abuja, ko ranar da ya tafi aikin Hajji, ko ranar da tsufa ya zaunar da shi a gida, me zai riƙe harkar? Nan ne wurin wannan karatu.

Akwai kuma dalilin tarihi da nake ganin ya sa 'yan kasuwarmu suke yi masa kallon karatun 'yan ofis. A Arewa, tushensa cibiyar da aka buɗe a Kongo, Zariya, a 1947 don horar da akawunan gwamnati da na En'e, wadda daga baya ta zama Cibiyar Nazarin Sha'anin Mulki ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ma'aikata aka fara horarwa, ba 'ya'yan fatake ba. Waɗanda suka fito suka shiga ma'aikatu da bankuna da kamfanonin Turawa, kasuwa ta ci gaba da tafiya a kan tata hanyar, ɓangarorin biyu ba su cika haɗuwa ba.

Abin da ke cikin shekara huɗun

Shekarar farko share fage ce: gabatarwa kan kasuwanci, tattalin arziki, tushen lissafin kuɗi, lissafi na masu gudanarwa, sai darussan gama-gari irin su Turanci da kwamfuta da kowane ɗalibi yake yi. A shekara ta biyu ake shiga ƙa'idojin shugabanci, ƙididdiga, lissafin tsadar kaya, dabarun talla da dokokin ciniki. Ta uku ita ce mai nama: kula da ma'aikata, sarrafa kuɗin kamfani, tsara aikin samar da kaya, halayyar mutane a wurin aiki, da hanyoyin bincike. A ta huɗu ake ɗaure su wuri ɗaya a darasin tsara manufar kamfani da dabarun gogayya, a ƙara da cinikin ƙasa da ƙasa, sannan ka rubuta kundin bincikenka. Sunayen darussan suna ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja inda ita ke tsara kashi 70 cikin 100, kowace jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai tun yanzu. Da yawa suna shigowa da tunanin sun tsere wa lissafi. Ba su tsere ba. Darussan da suka fi kayar da ɗalibaina su ne ƙididdiga, lissafin kuɗi, sarrafa kuɗin kamfani da dabarun lissafi na yanke shawara, kuma su ne suka fi amfani bayan an gama. Wanda ya haddace ƙa'idoji goma sha huɗu na Fayol amma aka miƙa masa takardar lissafin kamfani ya kasa cewa ko lafiya yake ko ciwo, wannan bai karanci gudanar da kasuwanci ba, ya dai zauna a ajin.

Inda karatun zai taɓa shagonku

A nan nake so in daɗe, domin nan amsar tambayarka take.

Ɗauki maganar riba. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Kai da kake zaune a Kwari ka san abin da ya biyo baya, tunda yawancin kayan da ke can daga waje suke zuwa, kuma farashin dala a kasuwar canji ta Wapa ne ke juya su. Bari in ba ka misali da lambobi masu sauƙi. Mutum ya saro turmi 100 a kan 20,000 kowane, jarinsa miliyan biyu ke nan. Ya sayar a 23,000, ya ga ribar 300,000, ya yi hamdala ya yi hidimar gida da ita. Da ya koma sari sai ya tarar turmi ya zama 25,000. Miliyan biyunsa yanzu turmi 80 za ta saya. Ko da bai taɓa ribar ba, 92 zai samu. A baki ya ci riba, a cikin shago kuma kayansa sun ragu. Na zauna da 'yan kasuwa masu wayo da suka yi wata da watanni a haka, kullum ana ciniki, kullum shago yana ramewa, wasu har suka fara zargin yara ko sammu. Tsofaffin 'yan kasuwa irin Alhaji sukan ji wannan a jikinsu su ɗaga farashi da wuri. Abin da karatu zai ƙara maka shi ne ka iya auna shi a rubuce, kala-kala, wata-wata, ka san nawa ne ribar da za a iya ci da nawa ne dole a bar wa jari.

Haka maganar juyawar kaya. Kayan da ribarsu kashi 5 ce amma suna ƙarewa sau biyu a wata, cikin wata shida sun kawo kashi 60. Waɗanda ribarsu kashi 30 ce amma sai sun yi wata shida a kanta, talatin ɗin ke nan kawai. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan in kaya kala biyu ne. In sun kai kala ɗari uku, da zanen da ya yi yayi da wanda ya wuce, ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa. A wani shagon yadi da na taya ƙidayar kaya, maigidan ya yi shiru da ya ga yawan jarinsa da ke kwance a kayan da suka yi kwantai a can ƙuryar sito, yana kuma neman rancen da zai yi sarin sallah da shi. Kuɗin da yake nema suna cikin sitonsa. Aka karya farashin kwantan aka fitar da su, ya yi sarinsa ba tare da ya ci bashin kowa ba.

Sai bashi, wanda shi ne ƙashin bayan ciniki a kasuwanninmu kuma shi ne yake karya mutane. Littafin bashi na yawancin shaguna suna ne da adadi. Ba a rubuta ranar da aka ɗauka da ranar alkawari, balle a ware wanda bai kai wata ba daga wanda ya haura wata uku. Da zarar an ware su haka, sai ka ga wani babban kwastoma da ake ji da shi, in aka lissafa tsawon lokacin da yake riƙe kuɗi da yadda naira ke zubewa a tsakani, asara ake yi da shi. Wannan a aji uku ake koyar da shi, a darasin sarrafa jarin yau da kullum, kuma ɗalibin da bai taɓa bin bashi ba yakan rubuta shi ya ci jarrabawa ba tare da ya taɓa zuciyarsa ba. Kai zai taɓa taka, domin ka san fuskokin.

Maganar yaran shago ta fi waɗannan buƙatar taka-tsantsan. Tsarinmu na maigida da yaronsa tsari ne mai kyau: a ɗauki yaro a raine shi, a yi masa aure, a sallame shi da jari. Ya fitar da dubban mutane daga talauci, kuma littattafan da muke koyarwa da su ba su da abin da ya kai shi wajen gina amana. Rauninsa shi ne komai a baki yake. Yaro bai san shekara nawa zai yi ba, bai san me za a sallame shi da shi ba, kuma shi ke karɓar kuɗi, shi ke fitar da kaya daga sito, wani lokaci ma a asusunsa na banki kwastoma ke turo kuɗi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce mai karɓar kuɗi daban, mai rubuta kaya daban, kuma a riƙa ƙidaya lokaci-lokaci. In na kawo wannan shawara, amsar da na fi ji ita ce, "Malam, ai yarona ne, ba na zarginsa." Ni kuwa nakan ce tsarin yaron kirki yake karewa. Ranar da kuɗi suka yi giɓi, in babu rubutu, kowa abin zargi ne, kuma na ga zumuncin shekaru ya watse a kan giɓin da daga baya aka gano kuskuren lissafi ne.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a son faɗa, amma ni shi ya fi damuna. Ka duba manyan sunayen kasuwa da ka ji a bakin iyayenka, ka ƙirga nawa ne harkarsu ta rayu bayan rasuwarsu. Yawanci da an yi sadakar arba'in sai a zo rabon gado, a raba shaguna da kaya da kuɗi, masu bin bashi su zo da takardunsu, waɗanda ake bi kuwa su yi shiru tunda babu rubutu. Harkar da ke ciyar da gida hamsin ta zama 'yan guntaye, kowane bai isa sarin kwantena ba. Rabon gado hukuncin Allah ne, ba a taɓa shi. Amma akwai bambanci tsakanin a gaji turame da kantoci, da a gaji hannun jari a kamfani mai rajista wanda zai ci gaba da aiki kowane magaji yana karɓar rabonsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Yadda za a tsara wannan ya dace da shari'a aikin malaman gado ne da lauya, ba nawa ba. Amma sai an sami wani a cikin gida da ya san akwai wannan hanya, ya kuma iya riƙe littattafan da za su sa ta yiwu.

Maganar kawunka

Shi ma bai yi ƙarya ba. Kusan kowace jami'a da kowace kwalejin fasaha a ƙasar nan tana yaye ɗaliban wannan kwas duk shekara, kuma gaskiya ne akwai waɗanda aka turo ciki bayan sun rasa abin da suka nema. Babban rauninsa faɗi ne: kogi ne mai faɗin gaske amma ruwansa iya ƙauri. Za ka taɓa akanta ba ka zama akanta ba, ka taɓa doka ba ka zama lauya ba, ka taɓa tattalin arziki ba ka zama masaninsa ba. Mai ɗaukar ma'aikata in ya ga takardar, ba ta gaya masa takamaiman abin da ka iya.

Akanta kuwa tana da ƙofa. Akwai ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci: ICAN da aka kafa da doka a 1965, da ANAN mai kwalejinta kusa da Jos, kuma akwai ayyukan da sai mai shaidarsu ne zai sa hannu a kai. In burinka aikin albashi ne, kana son lambobi, kana da haƙurin zama kan takarda har a gano inda naira goma ta maƙale, bi shawarar kawunka ba tare da wata-wata ba. Amma ka sani ƙofar ba a rufe take ga ɗan Biznes Admin ba. Yana iya zana jarrabawar ICAN, sai dai darussan da za a yafe masa ba su kai na ɗan akanta ba. Akwai ma matakin ƙananan akantoci, ATS, wanda ɗalibi zai iya farawa da sakamakon sakandare yana cikin jami'a. Ɗalibaina da suka haɗa wannan da digirinsu ba su cika daɗewa a gida ba.

Wannan ne maganin faɗin: ka zaɓi wuri ɗaya ka nutsa, tun daga aji biyu. Mai son lissafi ya bi ta ICAN. Mai son harkar ma'aikata akwai cibiyar CIPM. Mai son banki akwai CIBN. Wani ya ƙware a saye da adana kaya da jigilarsu, wanda kamfanonin abinci da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa suke nema kullum. Kowa kuma, ba tare da togiya ba, ya iya manhajar lissafi ta kwamfuta, Excel, iyawa ta gaske, ya iya rubuta rahoto da Turancin da ba sai an gyara ba. Inda 'yan kwas ɗin suka fi shiga su ne bankuna, kamfanonin sadarwa, sashen talla da rarraba kaya na masana'antu, ƙungiyoyi, da aikin gwamnati inda mai digiri ke farawa a mataki na 8. Da yawa daga bankuna da manyan kamfanoni suna sa sharaɗin darajar digiri da iyakar shekaru, don haka makin shekarar farko ba abin wasa ba ne. A ma'aunin maki 5, sai ka kai 3.50 za ka fita da babbar daraja ta biyu, kuma wanda ya yi sakaci a aji ɗaya yakan ƙare shekara uku yana cike rami.

Akwai wasu raunin da ya kamata ka shiga da saninsu. Yawancin littattafan da misalan Amurka da Ingila aka rubuta su. Ɗalibi zai yi maka bayanin gogayyar Coca-Cola da Pepsi tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi me ya rufe masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki tun 1957, ko me ya sa masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai suka zama sito, sai ya yi zuru. Alhali matsalar wutar lantarki da tsofaffin injuna da kwararowar yadi mai araha daga waje darasi ne da ya fi kowane kusa da shi, kuma kai shagonku ma wani reshe ne na wannan labari. Ajujuwa suna cika, har malami ya koma ba da takardar haddacewa. Kundin bincike na aji huɗu, wanda ya kamata ya zama wurin da ɗalibi zai yi tunani da kansa, wasu saye suke yi. Wannan yana ƙona mini rai, domin mafi kyawun kundin da na duba wata ɗaliba ce ta rubuta shi a kan sana'ar yaji da dambun nama ta mahaifiyarta. Ta zauna ta lissafa tsadar kowace roba har da gawayi da kuɗin mota da ladan masu daka, ta gano wanne ke ciyar da gidan, wanne ake yi don sabo kawai. Ba ta kawo sunan wani babban kamfani ba, amma ta yi abin da aka turo ta koya.

Sai batun kuɗin ruwa, tunda na san zai zo a gidanku. Darasin sarrafa kuɗi a kansa aka gina shi, kuma dole ka koyi lissafinsa, domin da shi ake auna komai a tsarin banki da na gwamnati. Sanin abu daban, mu'amala da shi daban. Kuma yanzu akwai fili ga wanda ya haɗa wannan sani da fiƙihun ciniki. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Yaron da ya tashi a kasuwa, ya yi karatun babin ciniki da ƙiradi, wato ba da jari a raba riba, a gaban malamin zaure, sannan ya zo ya iya lissafin boko, ba shi da yawa, kuma ana nemansa.

Hanyoyin da ke gabanka

A JAMB, yawancin jami'o'i suna neman Turanci, lissafi, tattalin arziki da ɗaya daga darussa irin su kasuwanci, gwamnati ko akanta. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da tattalin arziki. Makin shiga yana sauyawa duk shekara kuma kowace jami'a da nata ƙarin sharaɗi, don haka ka karanta littafin jagora na JAMB na bana da idonka, kada ka bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maka darussa. Wanda bai samu ta nan ba yana iya bi ta karatun share fage na IJMB ko difloma ya shiga aji biyu kai tsaye.

Ra'ayina a kanka, tunda ka tambaya: ka yi karatun, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada ka bar shago. Nemi jami'a a Kano, Bayero ko ɗaya daga na jiha, yadda Asabar da Lahadi da hutu za su same ka a Kwari. Abokan ajinka za su karanta abin da ba su taɓa gani ba, kai kuwa duk abin da aka faɗa ranar Talata kana da inda za ka gwada shi ranar Asabar, kuma wannan fifiko ne da kuɗi ba ya saye. Na biyu, ka ɗauki darussan lissafin da gaske ka kuma zaɓi inda za ka nutsa. In ba za ka iya cika waɗannan biyun ba, in takardar kawai ake so a rataye a bango, to Alhaji ya fi ni gaskiya, zamanka a shago ya fi.

Ka kuma lissafa tsadar abin da gaskiya. Shekara huɗu a takarda take. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, kuma bayan an gama akwai shekarar hidimar ƙasa. In rashinka a shago zai yi wa gidan illa sosai, akwai karatu daga nesa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da na jami'ar NOUN, da na ƙarshen mako. Ilimin ɗaya ne ga mai himma, sai dai yana buƙatar horon kai fiye da na aji, kuma masu karatun ƙarshen mako ba a tura su hidimar ƙasa, takardar cirewa ake ba su. Ga wanda zai gaji shago wannan ba matsala ba ce, ga mai neman aikin banki yana iya zama.

Iyakar abin da malami zai iya ke nan: ya faɗi abin da ke cikin karatun da abin da ya ga ya yi wa wasu. Ko shagon zai jure rashinka, da abin da Alhaji ya tsara maka a ransa, ku ne kuka san wannan, kuma hukuncin nasa ne. Digirin ma ba ya ba da tabbacin aiki ko arziki, na ga masu daraja ta ɗaya suna nema, na ga masu ta uku suna ɗaukar ma'aikata. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka je wa mahaifinka da gardama, kuma kada ka taɓa nuna masa cewa za ka je ka koyo yadda za a gyara masa kasuwa. Ba zai ji ba, kuma bai kamata ya ji ba. Ka nemi kawunka ko wani aminin Alhaji da yake jin maganarsa ya shige maka gaba. Kafin nan, ka roƙi Alhaji ya bar maka littafin bashi na wata uku. Ka sake rubuta shi da ranar ɗauka da ranar alkawari, ka ware tsofaffin basussuka daga sababbi, ka kawo masa a takarda ɗaya wa ya fi daɗewa da kuɗinsa da nawa ne jimlar abin da ya haura wata uku a waje. In ka ji daɗin wannan aiki, ka san kwas ɗin naka ne. In ya gundure ka tun a mako na biyu, gara ka gane haka kafin a biya kuɗin rajista.